Ba Umra Ya Je Ba

Tabarma ɗaya. Buta. Bargo da zannuwa biyu. Filas na kunun gyaɗa wanda ba mai sha. Allurar ciwon suga a cikin kwanon sha, ƙanƙarar da aka zuba mata ta fara narkewa. Jan zakara ɗaure da ƙafa, na wanzami. Sai Abdurrahim, kwance a kujerar baya, kansa a kan cinyar matarsa.

Abin da motar Yaya Isyaku ta ɗauko ke nan daga Kibiya da hantsi.

Na'ima tana jin zafin jikin mijinta yana ratsa zani yana taɓa fatarta. Ta sauke gilashi kaɗan. Ba don iska ba, don warin. Kwana da kwanaki tana turare ɗaki don kada kowa ya ji shi. A cikin mota babu inda za ta ɓoye shi.

"Isyaku, bi a hankali," in ji Inna Asibi daga kujerar gaba. "Ba buhunan masara ka ɗauko ba, ƙaninka ne."

"Inna, titin ne. Kowane zaɓe sai an yi mana alkawarinsa."

"To sai ka huce a kan mara lafiya?"

Rurum za su, gidan Ramalan wanzami. Abin da dangi suka sani shi ne kumburi ya fito wa Abdurrahim a ƙasan mara, ya hana kowa gani. Yaya Isyaku ya ce maruru ne ya yi zurfi, maganinsa sakiya: a sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a huda wurin, mugunya ta fita, kowa ya huta.

Na'ima kaɗai ta san abin da ƙarfen zai tarar a ciki.

Auren so suka yi. Yana dakon hatsi daga kasuwar Kibiya zuwa Dawanau, ita tana 'yar makaranta a Rano, kullum sai motarsa ta ƙi tashi a daidai ƙofar gidansu. Suka haifi Sa'adiya. Sannan ciwon suga, wanda ya ci mahaifinsa, ya zo kansa. Tsohon, ta yatsan ƙafa ciwon ya fara masa. Ɗan kuwa, ta inda ba a faɗa.

Ba ta taɓa ƙorafi ba. Shi ne ya kasa zama da abin.

Akwai wani tela a bakin tashar Rano, a shekarun da aka fara Shari'a, wanda matarsa ta kai ƙara kan irin wannan lalura. Alƙali ya ba shi shekara ya nemi magani, kamar yadda hukunci yake. Kafin la'asar duk tasha ta ji. Direbobi suka laƙaba masa Sai-Baɗi. In ya zo wucewa, a danna hon. Abdurrahim ma ya danna, yana saurayi lokacin, ya yi dariya har da hawaye. Telan ya rufe shago ya bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da ciwon ya zo, sai telan ya dawo wa Abdurrahim. A mafarki yake ganinsa, zaune a kan keke, yana ta ɗinki babu zare.

Bara ya ce zai tafi Umra. Misra ya je, wani asibiti da wani ɗan kasuwar Kwari ya kwatanta masa. Suka yi masa aiki, suka sa masa roba biyu masu lanƙwasuwa a gabansa, su tsaya a madadin abin da ciwo ya kashe. Da ya sauka Kano ya shiga kasuwa ya sayi dabino da carbi, da jarkar ruwan da mai shago ya rantse zamzam ne. Inna Asibi ta sha, ta shafe fuska, ta yi kuka.

"Ɗana ya ga Ka'aba," ta ce.

Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ya ɗora wa Na'ima Alƙur'ani a hannu.

"Rantse, Na'imata. Ko bayan raina."

Ta rantse. Sai bayan ta rantse ta ji inda ya je.

Sun yi 'yan watanni kamar sabbin aure. Ba za ta ce ba ta ji daɗinsu ba. Sai wurin ya fara ja. Sai zazzaɓi. Sai wari.

Mota ta faɗa rami, Abdurrahim ya yi nishi ya buɗe ido.

"Alhakin Umra ne," ya ce, yadda ita kaɗai za ta ji. "Na yi wa Ɗakin Allah ƙarya..."

"Yi shiru, Abban Sa'adiya."

"Kin rantse fa."

"Na sani."

Duwatsun Rano suka bayyana, sannan gidajen bakin gari, da bangaye masu tsofaffin fastocin 'yan takara. Gaba kaɗan hanya za ta rabu. Ɗaya ta nufi Rurum, ɗaya ta bi Bunkure zuwa Kano.

Tun da aka kawo Na'ima gidan, maganarta da Yaya Isyaku ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa. Yayan miji suruki ne. Ko ruwa ba ta sha a gabansa. Amma yau ta buɗe baki.

"Yaya..."

Bai ji ba.

"Yaya! Don Allah a tsaya."

Ya taka birki don mamaki, ba don ya yarda ba. Inna ta waiwayo.

"Lafiya? Ya cika ne?"

"A'a, Inna. Kano za a kai shi. Asibiti."

"Asibiti!" Inna ta tafa hannu. "Asibiti suka kai ubansu. Da ƙafa biyu ya shiga. Suka yanke yatsa, suka yanke ƙafa, suka yanke gwiwa, sannan suka ba ni sauran na binne. Ba za a yi min biyu ba."

"Na'ima," in ji Yaya Isyaku, yana kallon titi, don shi ma ba ya iya kallonta, "wannan shawarar manya ce. An gama."

"In aka sa masa ƙarfe, mutuwa zai yi."

"Ke likita ce?"

"Akwai abu a ciki."

Hannun Abdurrahim ya kama wuyan hannunta. Duk da zazzaɓin, riƙon direba ne. Ya matse har ta ji ƙashi.

"Na'ima... kada..."

"Wane abu?" Inna ta ce. "Jifa aka yi masa? Na faɗa muku!"

"Ba jifa ba ne." Ta rufe ido. In tana gani ba za ta iya ba. "Likita ne ya sa. Ba Umra ya je ba, Misra ya je. Ciwon suga ne ya taɓa shi a... a gabansa. Suka sa masa roba a ciki. Ita ce ta ruɓar da wurin."

Hannun ya sake ta. A hankali, yatsa bayan yatsa. Abdurrahim ya juya fuska ya manna ta da jikin kujera.

A but ɗin motar zakaran ya buga fiffike. Yaya Isyaku ya ɗaga hannu ya karkatar da madubin mota don kada ya ga baya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Yaya Isyaku ya sa wa mota giya. Ya ɗauki hanyar Bunkure.

Sun yi nisa, har sun wuce shingen sojoji, kafin murya ta fito daga cikin mayafin, ƙanƙanuwa kamar ba ta Inna ba.

"To ruwan da na sha fa?"

Yaya Isyaku ya ƙara taka mota.

*

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya kwana-kwana. Ya duba Abdurrahim a bayan labule, ya fito yana cire safar hannu.

"Sai an cire. Duka biyun, yau. Cutar ta manne wa robar, ba allurar da za ta kai gare ta matuƙar tana ciki. Sugansa kuma ya hau. Na ga an fara shafa masa wani baƙin abu."

"Maganin gida ne," in ji Yaya Isyaku. "Sakiya ma muka so a yi masa."

"Da an huda wurin da ƙarfe, da cutar ta bi jini. Da ba ni kuke nema ba yanzu."

Yaya Isyaku ya share gumi da hula. Ya daɗe kafin ya yi tambayar, kuma bango ya yi wa ita.

"Bayan an cire fa, likita?"

"Wurin zai warke da tabo, ya ƙanƙance. A mayar da wata nan gaba, ban ce ba ya yiwuwa ba, amma da irin sugansa ba zan yi muku alkawari ba. Ku ɗauka babu. Matsalar yanzu ita ce ya ƙi yarda. Ya ce a bar shi da ita."

Na'ima ta shiga bayan labulen. An sa masa ruwa a hannu. Yana kallon silin.

"Abban Sa'adiya."

"Kin karya rantsuwa."

"Na karya."

"A gaban Inna. A gaban Yaya!"

"Kaffararta ciyar da mutum goma ce, akwai masara a gida. Takaba ce ba ni da ƙarfinta."

"Da kin bar ni na mutu da mutuncina."

"Masu wankan gawa fa? Su ba su da ido?"

Ta ga abin ya shige shi, ta ga kuma bai yafe mata ba.

Labule ya motsa. Inna Asibi ce, ta sauke mayafin. Ba ta matso ba, a ƙarshen gado ta tsaya, ta kama ƙarfensa.

"Abdu."

"Inna, ki yafe..."

"Ruwan na yafe. Da niyyar zamzam na sha, Allah ya san niyyata. Ƙaryar Umra tsakaninka da Mai Ɗakin ne, ka tashi ka je ka ba shi haƙuri da ƙafarka." Ta ƙara damƙe ƙarfen gadon. "Amma in ka hana su aikinsu ka mutu ka bar ni, wallahi ban yafe nonona ba."

Hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Ya ce a kira likita.

Suka zauna a baranda, su uku, kowa da tazararsa. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Na'ima tana kallon kowane gado da aka turo, tana duba ko an rufe fuskar. Wani ya wuce an rufe, ƙafafun sun leƙo, manya, baƙaƙe kamar nasa. Ta miƙe tsaye. Wata mata ta daban ce ta fasa kuka a bayan gadon. Ta koma ta zauna, ta ji kunyar daɗin da ta ji.

Can wata nas ta leƙo.

"'Yan'uwan Abdurrahim Kibiya? Mutum ɗaya ya zo ya ga abin da aka ciro."

Yaya Isyaku ya dubi takalminsa. Na'ima ce ta tashi.

A cikin wani ɗan kwanon ƙarfe suke. Farare, biyu, kamar kyandir, da jini da rawayar mugunya a jikinsu. Ƙanana ne ƙwarai. Ta tsaya tana kallo. Don waɗannan ya tsallaka teku shi kaɗai, ba mai riƙe masa buta. Don waɗannan ya yi wa uwarsa ƙarya.

"Kin gani?" in ji nas.

"Na gani."

"An wanke wurin, an bar shi a buɗe don ya tsane. Zai tashi, in sha Allahu. Sai dai wanki kullum, safe da yamma. Ke ce matar? To zo in koya miki."

*

Da suka koma Kibiya, Yaya Isyaku ya tsaya a zaure ya tari 'yan dubiya.

"Gwaiwa ce," yake cewa kowa. "An yi aiki, an gama."

Abokan tasha suka yi ta tsokana, wai dama sun ga tafiyar Abdurrahim ta canja. Suka ajiye lemo suka tafi. Yaya Isyaku bai taɓa yin ƙarya a gaban Na'ima ba sai ran nan, kuma da ta kawo masa ruwa ya ce, "Sannu, Na'ima," da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

Amma Abdurrahim bai yarda asirin ya rufu ba. In babur ya danna hon a waje sai ya zabura.

"Sun sani."

"Ba su sani ba."

"Ji dariyar. Da ni suke."

"Masu shayi ne, ƙwallo suke musu."

Ban da irin wannan, ba ya yi mata magana. Safe da yamma takan shigo da tafasasshen ruwan gishiri da auduga, ya ɗora hannu a kan idonsa har ta gama. Sa'adiya ta leƙo, ya ce a fitar da ita. Ya rame har agogo yana zamewa zuwa gwiwar hannunsa.

Ranar wata Laraba da yamma, Na'ima ta fito daga kicin da kwanon ruwan, ta tarar da Gwaggo Jumai, ƙanwar babanta, zaune a tabarma kusa da Inna. Daga Rano ta zo. Ba ta cire mayafi ba.

"Gwaggo! Yaushe a gari?"

"Ajiye kwanon nan ki zauna," in ji Inna. "Ni na aika a kira ta."

Ta durƙusa, amma ba ta ajiye ba.

"Na'ima, kin ceci ɗana," Inna ta ce. "Ba zan saka miki da cuta ba. Na ji abin da likita ya ce, ba kurma ba ce ni. Ke yarinya ce, da sauran jini a jikinki. Ba zan riƙe 'yar mutane ta tsufa tana wankin ciwo ba, Allah zai tambaye ni. Na yi magana da shi. Ya yarda zai sawwaƙe miki."

"Ya yarda?"

"Shi ya fara faɗa."

"Ki saurara, 'yar nan," in ji Gwaggo Jumai. "Ba wanda zai zage ki. Yau tausayi kike ji, tausayi kuwa yana ƙarewa. Shekara biyar fa? Goma fa? Sa'adiya ita kaɗai, ba ƙani ba ƙanwa? Na ga matan da suka ce za su iya. Na ga yadda suka koma, baki ya yi ɗaci, ba sa ko iya amsa sallama. Addini ma ya ba ki hanya."

"Na sani, Gwaggo."

"To?"

Ba ta da amsar shekara goma. Ba ta yi wa kanta ƙarya ba: akwai daren da take kwana tana juyi, akwai abin da ta rasa, kuma ta san sunansa. Ta dubi kwanon.

"Ruwan zai huce," ta ce.

Ta tashi ta shiga ɗakin.

Yana zaune a bakin gado, ya sa riga, har da hula. Ya shirya. Ya ji komai, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Ajiye," ya ce. "Yaya zai samo ma'aikacin asibiti ya riƙa zuwa."

"Namiji baƙo ya riƙa buɗe ka safe da yamma? A Kibiya? Kafin sati mai shayi ya ji."

"To ya ji!" Muryarsa ta fashe. "Ki tafi, Na'ima! In na gan ki kunya nake ji. In kin taɓa ni ji nake kamar gawa ake wankewa. Me zan ba ki? Me ya rage?"

"Ka ji kunyar. Ba ta kisa. Na gwada a cikin mota, ga ni da raina."

"Don ke na je..."

"Don ni?" Ta ajiye kwanon a ƙasa da ƙarfi har ruwan ya fantsama. "Ka tambaye ni? Da ciwon ya zo, ka juya min baya a gado, ba ka tambaye ni ba. Ka hau jirgi, ba ka tambaye ni ba. Ka sa ni rantsuwa kafin in san a kan me. Yanzu kai da Inna kun gama shawara, an kira Gwaggo, ka sa hula. Kowa ya san abin da nake so, ban da ni!"

"Na'imata..."

"Kada ka ce min Na'imata da hular saki a kanka."

Ya kai hannu kan hular. Bai cire ba, bai kuma sauke hannun ba.

"Ba zan warke ba," ya ce a hankali. "Kin ji likita."

"Na ji. Na ga abin a kwano da idona, kai ba ka gani ba. Ba shi na aura ba."

"Wata rana za ki tsane ni."

"Wataƙila. In ranar ta zo, da bakina zan faɗa maka, ba sai an aiko daga Rano ba. Igiyar a hannunka take, Abban Sa'adiya. In kai ne ba ka so na, furta, in tafi. Amma kada ka ce don ni."

Ya buɗe baki. Ta tsaya tana jira. Kalma biyu ce ko uku, ta san yana iya faɗa.

Bai faɗa ba. Ya zame hular ya riƙe ta a cinya.

"To na tambaye ki," ya ce. "Me kike so?"

Ta juya ta je bakin ƙofa. Matan biyu suna nan a tabarma, sun zuba mata ido. Ta rusuna.

"Gwaggo, ki gai da Baba. Ki ce masa ina lafiya. Inna, ku yi haƙuri, zan buɗe ciwo."

Ta ja ƙofar ta rufe, ta sa sakata.

"Kwanta," ta ce. "Kuma yau ba za ka rufe ido ba. A nan zan zauna."